Ƙugiyar da Inji Ya Cinye

"Lafiya lau, ya ƙafar taki?" in ji Badaruddeen, bai ko ɗaga ido daga kwamfutar da ke cinyarsa ba.

Kwana uku ke nan rabonsa da ƙofar gida. Ya gama karatun gashin ƙashi, ya tsara katin sana'arsa da kansa, ya kai Gwarzo aka buga, ya raba a kasuwar Kabo. Sai da rabi ya shiga hannun jama'a sannan ya lura injin ya cire wa "ƙ" ƙugiyarta. Jibi zai buɗe ɗan shagonsa, yau kuma mai bugawa ke jiran sabon zane. Kakarsa Altine ta jawo kujera ta zauna dab da shi.

"Ƙafa da sauƙi, angona, cikin ne dai. Na ji an ce gidan nan mun samu likitan kashi."

"Ƙashi, tsohuwa. Ƙashi."

"Ni ban yi boko ba, abin da aka karanta mini na faɗa. Shekara biyar ana sayar da bijimai, ashe masai aka tura ka karanta."

"Ke da ba ki da haƙori ko ɗaya, ina ruwanki da ƙashi?"

"Ruwana har wuya. Jiya mutum uku suka yi sallama daga ƙauyen Jama'a, kowa hannu ɗaya dafe da ciki, ɗayan riƙe da katinka. Maƙwabciyata Asibi ma ta ce a tambaye ka ko kana bi gida-gida."

Ya juya mata kwamfutar kamar za ta iya karantawa.

"Na gyara ai. Na ƙara wa harafin girma, na sa shi ja."

"Injin da ya cinye ƙugiya ran nan, yau azumi yake?"

"To da Turanci zan rubuta, kowa ya huta."

"Madalla. Sai ka zauna jiran Bature ya faɗo daga kan jaki a Dugabau."

"Tunda ke ce farfesa, me zan sa?"

"Kai dai maciji ya sare ka, kuma ka nace sai ka sake zura hannu a ramin. Wa ka taɓa ji ya je wurin maɗori ya ce ƙashina? Cewa ake yi na karye. Rubuta karaya."

Ya rubuta. Ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, babu mai ƙugiyar da za a cinye.

"Targaɗe fa? Shi yana da ita."

"Sa abinka. Ko ta faɗi, targaɗe ba ya wari."

Dariyar da ta ƙi zuwa kwana uku ta ƙwace masa. Ya tura wa mai bugawa zanen, sannan ya zaro sauran tsohon katin daga jaka ya zube mata a cinya.

"Kin ci, amarya. Ga tukuici, ki hura wuta."

Ta ƙulle su a bakin zane.

"Wace wuta? Gobe akwai suna a gidan kawunka Salisu, rabawa zan yi."