Yadda Za Ka Ƙaryata Likita da Ido Ɗaya a Rufe

Likita ta ce garkuwar jikinka ta rikice, tana tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, shi ya sa ƙarfinka ke tsiyayewa kafin yamma? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka ƙaryata ta. A wajen mijin yayata na koye su, wato mai koyar da tuƙin nan da ɗalibansa ke kira Malam Birki.

1. Yi gardamarka da safe

Ciwon nan yakan lafa bayan barci, saboda haka da safe za ka kafa hujja. Malam Birki kan ɗaga tukunyar gas a gaban Yaya, ya tambaye ta ko ta taɓa ganin marar lafiya ya yi haka. Da yamma kuwa, in kofin shayi ya gagare ka ɗauka, ka ce zafi ya yi.

2. Nema wa kowace alama uzurinta

Fatar ido ta sauko? Hasken rana ne. Muƙamuƙi ya gaji da tauna? Mahauci ne ya cuce ku da tsohuwar saniya. Murya ta koma ta hanci? Mura ce, irin wadda ba tari ba atishawa. Amma kada ka bari uzurorin nan su haɗu wuri ɗaya. In suka haɗu, sai su yi kama da maganar likita.

3. Tambayi kowa, ban da wanda ya sani

Makanike ya ce batirin jikin Malam Birki ne ya yi sanyi. Mahaifiyarsa ta ce Yaya ce ba ta ba shi abinci. Wayarsa ta jero masa cututtuka iri-iri, ya zaɓi gajiya. Maganin da likita ta ba ka kuwa, ka cusa shi a aljihun mota.

4. Ci gaba da aiki kamar ba komai

Wata ɗaliba ta gaya wa mijinta cewa malamin yana kashe mata ido. Mijin ya zo a fusace, ya tarar shi ma ana kashe masa. Ya juya ya koma gida.

5. In ka ga abu biyu, kada ka nuna

Sandar lantarki ɗaya ce tal a filin koyon tuƙi. Wata rana da yamma Malam Birki ya ga biyu, ya ce wa ɗalibinsa, wani dattijo mai ladabi, ya bi ta tsakiya.

"Tsakiyar me, Malam?"

"Ni ne malami ko kai?"

Dattijo ya bi umarni. Malam ya kai ƙafa kan birkin ɓangarensa, ƙafa ta ƙi dannawa. Allah ya sa tafiyar koyo ce, fitila kawai ta fashe. Dattijon ne ma ya yi ta ba da haƙuri.

6. Kada ka faɗa wa matarka gaskiya

Nan ne malamina ya ba ni kunya. Ya dawo gida ya zauna bakin gado, bai ko cire takalmi ba, ya kwashe komai ya gaya wa Yaya.

"Ba wai ban yarda da likitar ba ne," ya ce. "In na yarda, wa zai sake ba ni ɗansa in koya masa mota?"

"Da ka ƙi yardar, saura kaɗan ka kashe uban wani."

Ta karɓe makullin, ta je ta ɗauko maganin. Washegari ita ta tuƙa shi asibiti, yana gyara mata tuƙi da ido ɗaya har suka isa.

Yanzu yana shan magani, kuma an hana shi mota sai likita ta ga hali. Alamomin hanya yake koyarwa a ɗaki, daga zaune. Jikin wata rana da dama, wata rana sai a hankali. Ranar da ya ji garau yakan ce anya ba kuskure aka yi a gwajin ba. Yaya ta ce ƙwarai kuwa, ta miƙa masa ƙwayar da ruwa.

Sanarwa: mai wannan rubutu ba likita ba ne, kuma duk abin da ya same ka, babu hannunsa. In haɗiya ko numfashi ya fara yi maka wuya, ka manta da duk matakan nan ka nufi asibiti. In an tambaye ka a can, ba ka san ni ba.