Ma'aunin da Ya Buɗe Baki a Tarka

Ba na jin akwai ranar da zan manta da abin da na yi wa kaina a Tarka. Lokacin ban daɗe da dawowa daga makarantar koyon sana'a ta Damagaram ba, ina ta hura hanci a maƙerar Kawu Idi da ke Belbeji. Ƙungiyar matan Tarka ta ba mu aikin amalanke takwas na ɗebo ruwa, don rijiyarsu na da nisa.

Kan sandar da ƙafa ke juyawa a kai dole ya zo daidai da ramin boris, zoben nan mai 'ya'yan ƙarfe a ciki da ke sa ƙafa ta juya. Sai na ce zan yi ma'auni, wato ɗan faifan ƙarfe mai baki, a riƙa goge sanda har ta shige bakin cif. Kawu ya ce in yanko tsohon sifirin na mota, in gasa, in tsoma a mai ya yi tauri. Na ce wannan aikin mutanen da ne. Na ɗauko wani farin ƙarfe mai sheƙi, mai daɗin gugar magagari (har sunana na zana a jiki, Allah ya shirye ni).

Ashe duk sandar da na cusa sai ta ci bakin kaɗan, yana ta ƙara faɗi, sandunan baya suna fitowa da kauri.

Ranar haɗawa mata suka kewaye mu, wasu har da jakunansu. Amalanke uku suka tashi lafiya. Na huɗu boris ya ƙi shiga. Na ce ai kayan yanzu ne ba su da kyau, na sa guduma. Boris ya fashe, 'ya'yansa suka watse cikin rairayi.

Kawu ya karɓi ma'aunina, ya sa sandar farko a bakinsa, sai ga ta tana lilo. Ya kankare gefensa da wuƙar aljihu, ƙarfe ya ɓare kamar sabulu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Shugabar matan, Inna Hadiza, ta dube ni ta ce, "Ɗana, to mu koma ga tulunanmu ke nan?"

Suka koma kuwa, sati uku cur, ana tsakiyar bazara. Wannan ya fi dariyar da aka yi mini ciwo. Tun daga ranar na gane duk abin da zai auna wani dole ya fi shi tauri. Ni kuwa kaina ne kaɗai ya cika wannan sharaɗi.