Ankon Jikokin Marigayiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka ƙaddamar da ƙungiyarmu ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta.

A ƙarshen shekarun 1990 ne, ina aji biyu a jami'a a nan Njamena. Ɗalibai mata masu jin Hausa ba mu da yawa a lokacin, inuwar darbejiya ɗaya ta ishe mu taro. Sai muka samu labarin wata ƙungiyar zumuncin ɗalibai mata a Maiduguri, masu kiran juna 'yar'uwa, suna taimaka wa sababbin shiga da karatu da masauki. Muka nemi a ba mu reshe, wanda zai zama na farko a wajen Najeriya. Suka ce shugabarsu, Yaya Hadiza, za ta zo ta gan mu da idonta tukuna.

Ni aka naɗa shugaba, don kowa ya ɗauka ina jin Ingilishi, tunda mahaifina daga Kano ya zo. (A unguwar Ridina, nan Njamena, aka haife ni. Da Faransanci na yi karatu, da Larabcin gari nake cefane, Ingilishina kuwa bai wuce gaisuwa ba. Sai dai ban taɓa gyara wa kowa zatonsa ba.)

Taro ba ya yiwuwa ba anko, don haka ni da mataimakiyata Zara muka shiga kasuwa. A rumfar wani mai kawo kaya daga kudancin Najeriya muka ga wata atamfa, shuɗi da fari, ga kyau ga arha, kuma za ta ishe mu duka. A jikinta akwai hoton wata dattijuwa mai tabarau da ƙaton ɗaurin kai, rubutun Ingilishi ya zagaye ta. Atamfa mai hoto ba baƙuwa ba ce a garin nan, ba wanda ya yi wani tunani.

Zara ta ce, "Shugaba, karanta mana. Wace ce wannan?"

Na ƙura ido. Na tsinci "Mama", na kuma tsinci kalmomi biyu masu kama da na Faransanci, ɗaya biki, ɗaya ɗaukaka. Na gyara murya na ce wata jaruma ce da ta yi gwagwarmayar ilimin mata a Najeriya, ana bikin karrama ta. A ƙasan hoton akwai shekaru biyu da ɗan layi a tsakaninsu, abin da ko ɗan firamare ya san ma'anarsa. Na ce shekarun da ta yi tana gwagwarmayar ne.

Zara ta lissafa a ranta, ta ce, "Ta daɗe tana fama kuwa."

Ranar taro muka ari aji guda, muka jera robobin karkanji, wato zoɓo, da farantan kisar, wainar nan mai faɗi ta garinmu. Maza suka cika kujerun baya, yawancinsu don kisar ɗin. Wani malaminmu ya zauna a gaba a matsayin babban baƙo. Yaya Hadiza ta makale a gadar Kusiri da ke kan iyakarmu da Kamaru, malam kuma yana ta duba agogo, har ya ce mu fara.

Na miƙe na yi jawabi. Na nuna hoton da ke ƙirjina na ce ga uwar da za mu yi koyi da ita. Da na ga ana gyaɗa kai sai na ƙara gishiri. Na gina mata makarantu, na sa ta yi tafiyar ƙasa ƙauye-ƙauye tana roƙon iyaye su saki 'ya'yansu mata. (Har kurkuku na kusa kai ta, Allah ya taƙaita.) Ana cikin tafi Yaya Hadiza ta yi sallama.

Ta shigo da fara'arta, sai ta tsaya. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, fara'ar ta gushe. Ta gyara mayafi, ta zo ta kama hannuna biyu.

"Ƙanwata, ya muka ji da haƙuri? Ai da kun sanar da ni an yi muku rashi, sai mu ɗage taron."

Na ce, "Rashin wa, Yaya?"

"Kakar wace ce a cikinku?"

Malam ya roƙe ta ta karanta mana abin da ke jikin atamfar. Ta karanta, tana fassarawa a hankali kamar mai tsoron fama wa wani ciwo. Ankon jana'iza ne. Wata tsohuwa ce ta rasu can kudu, 'ya'ya da jikoki suka buga atamfa don bikin binne ta, ragowar ce ta biyo 'yan kasuwa har ta iso mu. Ba makaranta, ba gwagwarmaya.

Zara ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ashe shekarun nan duk rayuwarta ce."

Daga baya wani ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri," sai dariya ta ɓarke. Ni dai ina tsaye, tsohuwar mutane tana murmushi a ƙirjina, a bayana, har a kan ɗankwalina.

Yaya Hadiza mutuniyar kirki ce. Ta ci kisar, ta yi dariyarta a ɓoye, ta kuma amince da reshen. Amma kafin mako ya zagayo duk makaranta ana kiranmu Jikokin Marigayiya. Sababbin ɗalibai da muka kafa ƙungiyar dominsu suka riƙa kauce mana. Sai ga dogon yajin aiki, Zara ta koma karatu Yamai, wasu suka yi aure. Reshen bai ga shekara ta biyu ba, kuma ba wanda ya buga masa atamfa.

Tun daga ranar, in aka miƙo min rubutu aka ce in karanta, na koyi cewa "ban iya ba" da bakina, tun kafin a kai wa tela.