Gurbin da Gaisuwa Ta Cinye

Ba zan taɓa mantawa da kukan kwamfutar nan ba, ƙit, ƙit, ƙit.

Lokacin mu Hausawa ba mu da yawa a Sanyuanli, unguwar da muke zaman sayen kaya a ƙasar waje. Muka kafa 'yar ƙungiyar taimakon juna, ta jinya da kai gawa gida. Sai aka ce dole a shigar da bayaninta a manhajar haraji, a nuna ba riba muke nema ba. Ni kuwa jarina ya karye, sakatarancin ƙungiyar kaɗai ya rage ake gaishe ni dominsa. Na bugi ƙirji na ce na iya (a aji uku na bar sakandare, kwamfuta kuwa sai dai in leƙa ta a shagunan unguwar Tianhe).

Muka ɗunguma ofishin Madam Lin, mai yi mana lodin kaya. Ta nuna min gurbin da ake rubuta manufar ƙungiya, tana ta wani bayani da yatsu. Na ce mata "Sheshe," wato na gode da yarensu, na kawar da ita.

Shugabanmu, Alhaji Sule, ya tsaya a kaina. "Malam Sakatare, ba a shiga gidan hukuma babu sallama. Fara da gaisuwa."

Na duƙa da yatsa ɗaya da guntun Turancina, ina farautar haruffa, ban ko ɗaga kai ba. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya aiki, yaya iyali. Sai na'urar ta fara ƙit, ƙit.

"Me take cewa?"

"Karɓa take yi, Alhaji."

"Madalla! Sa yadda muka kai gawar marigayi Isuhu."

Kowa ya kawo tasa, ni ina ta dannawa, gumi har cikin takalmi.

Aka buga takarda. Layi biyu. Alhaji ya juya bayanta, fari fat. Madam Lin ta taɓa allon ta ce, "Laoban, meyo," wato maigida, babu. Ashe gurbin ya cika tun a "yaya iyali", abin da baiwar Allah take ta gaya min ke nan.

Alhaji ya dube ni. "Wato tun ɗazu gaisawa kawai kuke yi?"

A ranar aka ba Habu ɗan Maraɗi kujerata, mutumin da ko sannu sai an roƙe shi.

Yanzu ana cewa ba na gaisuwa. Ina yi. Buƙatata nake fara faɗa, in wuri ya rage sai in tambayi iyali.