Jar Akuyar Biba Ta Je Anibarsar

Wata Litinin cikin watan jiya, duk wanda ya bi ta bakin kasuwar Tasawa ya ga Ƙadri yana jan jar akuya da ƙyallen atamfa ɗaure a wuyanta, matarsa Furera na biye da shi, fuskarsa kamar ta wanda za a cire wa haƙori. Mutane suka yi ta tambayarsa ko sayarwa zai yi. Ba sayarwa zai yi ba, jama'a. Gidan manya aka gayyace shi, kuma tun da muka samu mulkin kai, gayyatar manya ta fi sammaci tsada.

Ƙadri manomin gyaɗa ne a wani ƙauye kusa da Koona. Shekara biyu ke nan da aka zo ƙauyensu da ganga da tuta, aka kafa turke, aka ce nan za a gina rijiyar siminti. Turken yana nan lafiya lau, jakuna ake ɗaurewa a jikinsa. Da jira ya yi yawa, mutanen ƙauye suka wakilta Ƙadri, don ya fi kowa haƙuri kuma takalminsa ya fi na kowa ƙwari, ya riƙa zuwa ofishin gwamnati da ake kira Biron Rijiyoyi da Sauran Alkawura yana gai da shugaban wurin, ranka ya daɗe Mai Babban Tebur. Amsa ɗaya ake ba shi kullum: mota na nan, niyya na nan, esansi, wato man mota, ne babu.

A zuwansa na tara ne planton biro, wato masinjan ofishin, wani tsohon soja mai suna Alkasim, ya miƙa masa kati mai zanen furanni.

"Baba Alkasim, takardar rijiya ta hito?" in ji Ƙadri.

"Wace rijiya? Anibarsar na. Ɗan Mai Tebur, yaron nan da aka ce ma Maman Sani, za a yi ma bukin haihuwa."

"Barka, barka. Yaushe Madam ta sauka?"

"Shekara ukku ke nan."

Ƙadri ya riƙe baki. "Shekara ukku yaro shina yawo ba a raɗa mai suna ba?"

"Shina da suna. Ranar da anka haihe shi ta zagayo, hakanan Nasara ke yi. Kuma ba a zuwa hannu rabbana, sai da kado, wato kyauta. Wanda ke so a tuna da rijiyar garinsu ya san irin kadon da za shi kawo."

Da ya kai labari gida, dattawa suka zauna gindin gawo suka yi shawara. Gyaɗa ba ta isa cira ba, ba a buɗe awon gyaɗa a kasuwa ba, aljihun kowa iska. Aka yi ta kewaye-kewaye har idon kowa ya sauka kan jar akuyar Ƙadri. Kowa kuwa ya san matsayin akuyar nan. Ɗiyarsa Biba ba ta daɗe da yaye ba, yarinya ce mai laulayi, ba ta shan kunu sai an tatso madarar akuyar an zuba mata. Ƙadri ya so ya ce a'a. Amma matan ƙauye tun asuba suke tafiya neman ruwa su dawo da hantsi, da wane baki zai ce akuyarsa ta fi rijiya? Ya amsa, zuciyarsa na zafi.

Furera ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Tambaya ɗaya ta yi.

"Malam, buki anka ce?"

"Buki anka ce."

"To, da ni za a tahi."

Abin da Ƙadri ya gani a gidan Mai Babban Tebur ya isa a yi hira da shi har kaka mai zuwa. Motar biro, wadda ba ta da esansin zuwa duba turke, sau biyu ta je Maraɗi a ranar: ta farko ta ɗauko gato, wani irin burodi mai sukari da girman faifai, ta biyu ta ɗauko kyandir uku da aka manta. Allah ya ƙara wa manyanmu tsari. Manyan ƴan kasuwar gyaɗa suka jeru da kaya naɗe cikin takarda mai sheƙi, wannan da ƴar mota, wancan da keke mai ƙafa uku. Mu dai mun taso ana karɓar kyauta da hannu biyu, a yi godiya, a kai ɗaki. Nan kuwa yaro ne ke yage takarda a gaban mai kyauta, jama'a na leƙe, kowa na auna zumuncin kowa. Wanda ya kawo ƴar ƙwallo sai da ya koma bayan rumfa ya zauna. Shi ko Maman Sani bai kula da mota ko keke ba, kwalin da aka kawo keken a ciki ya shige ya ƙi fitowa.

Daga nan aka kunna kyandir da rana tsaka, a garin da mutane ke kwana ba kananzir. Aka ciro yaro daga kwali aka ce ya hura. Ya hura da iya ƙarfinsa, da iska da yawu, manya suka yi tafi, aka yanka aka raba. Ƙadri, wanda ya sha mari yana yaro don ya hura kunu a gaban baƙi, ya karɓi nasa ya ci. Gaskiya dai akwai daɗi, ya faɗa da bakinsa. Mai Babban Tebur ya miƙe ya yi jawabi mai ratsa jiki kan tsimi da tanadi, ya ce ƙasa sabuwa ba ta ginuwa sai talaka ya rage almubazzaranci. Ƙadri ya lallaɓa ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, batun rijiya." Aka ce masa yau ba ranar aiki ba ce.

Furera ba ta tsaya wurin jawabi ba. Ta karɓi igiya ta ja akuya zuwa cikin gida inda mata suka taru, ta wuce Madam Zuhura, matar Mai Babban Tebur, ta nufi wata tsohuwa da ke kan tabarma, wato Inna, mahaifiyar Madam, mutuniyar Mayahi. Ta rangaɗa guɗa, ta ce yadda kowa zai ji, "Inna, ga bukina, ni Furera matar Ƙadri. Allah shi raya yaro." Inna ta sa hannu ta karɓi igiya, ta shi mata albarka.

Wanda ya yi lakwal, wato karatun boko, da yawa har ya manta, bari a tuna masa. Kado daban, buki daban. Kado in ka bayar ya tafi. Buki kuwa tsakanin mata zumunci ne mai dawowa: abin da kika kai wa ƴar'uwarki ranar sha'aninta, ranar naki sai ta maido shi ninki biyu, in ba haka ba ta shiga bakin duniya.

Kwana tara da suka biyo baya sun yi wa Ƙadri tsawo. Biba ta ture kunu, ta ture fura, kullum da safe sai ta je inda ake ɗaure akuya ta tsaya tana kira. Wuyanta ya fara fitowa. Ƙadri ya daina karyawa a gida don ba ya iya kallonta, kuma ya tsani kansa. Sai ga Furera ta ƙulla goro ta aika wa Inna, cewa ranar Laraba akwai anibarsar ɗin Biba.

"Ke kin san ranar da anka haihe ta?" in ji Ƙadri.

"Laraba mana. Ni na haihe ta, ina wurin."

Alkasim ne ya ba da labarin abin da ya faru da goro ya isa. Mai Babban Tebur ya ce wannan rashin wayewa ne, ba a maido kado. Inna ba ta kalli surukinta ba, kunya ta hana. Ɗiyarta ta fuskanta, amma da muryar da ake ji har bakin titi. "Zuhura, mata talatin sunka ga na amshi igiyar nan. So kuke a yi da ni a Mayahi, a ce ɗiyata ta ci buki ta shahe baki? In hakanan na, a sa min kayana a mota yau." Mutumin da ke sa manyan ƴan kasuwa jiran awa uku a bakin biro ya ce, "A yi haƙuri, Inna."

Ranar Laraba da hantsi motar biro ta shigo ƙauye. Mutane suka zaci rijiya ce ta zo, har makaɗi ya ɗauko ganga. Aka buɗe baya, sai ga jar akuya ta diro, wata ƴar'uwarta na biye. Madam ta sauko, dogon takalminta na nutsewa cikin rairayi, Furera ta tarbe ta da fura da ƙuli-ƙuli. Biba ta sheƙo ta rungume wuyan akuyarta, aka tatsa nan take, ta shanye kunu ƙwarya guda tana neman ƙari. Ƙadri ya juya baya ya share ido da hannun riga don daɗi. Da za a yi sallama, Furera ta shaida wa Madam cikin ladabi cewa Biba na da yayye huɗu, kuma Laraba ba ta fashi.

Murnar Ƙadri ba ta kai magariba ba, don ya tuna Mai Babban Tebur ƴaƴa biyar gare shi, kuma an ce na biyu, Abdussalamu, wata mai kamawa ne nasa. Wanda aka kawo wa awaki biyu, huɗu zai mayar. Ina zai samo su?

Ashe manya ma sun yi wannan tunani ta nasu gefen. Kafin mako ya zagayo, biron da ya shekara biyu bai iya rubuta takardar rijiya ba ya fitar da doka mai hatimi uku, mai shela ya bi kasuwanni da ita: saboda yaƙi da almubazzaranci, daga yau an hana mutanen ƙauye yin anibarsar, an kuma hana su zuwa na wani. Buki ya tsaya ke nan inda ya tsaya, awaki biyu na gidan Ƙadri, Biba har ta fara kumatu.

Ƙadri ya ce a isar da godiyarsa ga ranka ya daɗe. Tun da aka samu mulkin kai, wannan ce doka ta farko da ta amfane shi, kuma yana da tabbacin ba da gangan aka yi ba.