Ranar da Na Sayi Kan Jirgin Ƙasa

Sai da Sinawa suka hau tafi suna kallona gabana ya faɗi.

Kawu Sabi'u, wanda ya kawo ni Guangzhou koyon fatauci, shi ya tafi da ni gwanjon kayan wata masana'anta da aka rufe. Janareta yake nema. Da azahar ta yi, ya miƙo mini katin tayi zai je salla, ya ce, "Riƙe kawai, kar ki ɗaga."

Ni kuwa, mai takardar sakandare, na ga an nuna hoton wani ƙaton akwatin ƙarfe kore. Na ce ai janaretan ke nan, ba za a yi ba mu ba. Na ɗaga kati. Wani tsoho ya ɗaga, na harare shi na ƙara ɗagawa, har ya haƙura.

Aka raka ni in ga kayana. Kan jirgin ƙasa ne sukutum, ciyawa ta rufe ƙafafunsa. Jarin Kawu kaf na sa a wuta, ga shi da sunansa aka rubuta.

Da Kawu ya dawo, ya daɗe yana kallon jirgin, sannan ya ce, "'Yar nan, a jaka za mu sa shi ko goyo za ki yi?"

Sai dab da magariba ya fito daga ofishin masu gwanjon ya ce, "Share hawayenki, Direba, tsohon nan da kuka yi ja-in-ja ya karɓi jirgin."

Tun ranar, duk Bakanon da ya gan ni a unguwar Dengfeng sai ya ce, "Direba, yaushe za mu tashi Kano?"