Rasuwar 'Yar Aike, Na'urar da Ta Tafi Ba Sallama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya ci fiye da rabinsa, Alhaji Muttaƙa mai maɗaba'a na unguwar Zongo, Parakou, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa mai gaggauta saƙon intanet, wadda ya raɗa wa suna 'Yar Aike. An gano gawarta ranar Talatar da ta wuce. Ita kuwa rasuwar, jama'a ku ji abin takaici, ta auku wata goma sha huɗu kafin nan.

Marigayiya ta shigo gidan shekara shida da suka wuce, ita da abokiyar tagwaicinta. Aka girke ta a Parakou, inda ake zana aiki a kwamfuta, aka kai 'yar'uwar Djougou, inda babban injin bugawa yake a hannun Shafi'u, ƙanen Alhaji. Kafin zuwansu, hoton kalanda ɗaya sai ya yi minti arba'in yana rarrafe a waya tsakanin garuruwan nan biyu. Da suka kama aiki, minti huɗu ya isa.

A shaide ta, tana da hadda. Duk abin da ya taɓa bi ta cikinta ba ta mantawa. In an sake turo shi, ba ta ɗaukar kayan gaba ɗaya, 'yar alama kawai take aika wa 'yar'uwarta, wannan irin na jiya ne, ita kuma ta ciro nata ta cike. Sabon kaya kuwa sai ta matse shi tsam, kamar ɗaurin huhun goro, can a kwance. Ba ta gulma, ba ta neman hutun Juma'a. Muryarta ɗaya ce, fuuu, safe da yamma.

Alhaji ya so ta, har abin ya yi yawa. Baƙo bai isa ya sha shayi a shagon ba sai an kai shi ya gaishe ta. Don kada ƙura ta taɓa ta, ya sa aka ɗinka mata mayafin karan-miski mai aikin zare, ya lulluɓe ta ruf da hannunsa, har da 'yan ramukan da take shan iska. Wata Alhamis ya ji ta yi ƙas, sau ɗaya. Ya yi murmushi, ya ɗauka godiya ce.

Ashe fitar rai ce. Nana Aïcha, mai gyaran na'ura da ta buɗe cikinta, ta tabbatar zafi ne ya dafa mata ƙwaƙwalwa. Ta kuma bayyana cewa haka aka ƙera irinsu: in sun mutu, sai su saki hanya, saƙo ya riƙa wucewa ta cikinsu kamar ta waya tsura, ba hadda, ba matsi. Fanka na juyawa, koriyar fitila na ci, gawa na kwance cikin mayafi tana karɓar gaisuwa. Haba 'Yar Aike! Ko jar fitila ɗaya ai kya kunna wa wanda ya riƙe ki amana.

Ga inda cin amanar ya yi ciwo. Tun makon ƙas ɗin nan Shafi'u yake kira daga Djougou yana cewa, Yaya, aiki ya koma rarrafe. Alhaji ya leƙa ya ga fitila koriya, ya ce lalaci ne. Da katunan walimar saukar Alƙur'ani na wata makaranta suka kwana biyu ba su fito ba, Alhaji ya hau mota takanas ya je Djougou. A gaban malamai da iyayen yara ya kira ƙanensa malalaci mai laɓewa bayan na'ura, ya rantse 'Yar Aike ba ta taɓa makara ba, ya karɓe makullan shago. Shafi'u ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya fita, kuma yau wata goma sha ɗaya ke nan ko gaisuwar Salla ba ta haɗa su ba. Alhaji ya zaɓi shaidar gawa a kan ta ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya, abin da ke hana shi cin tuwo ke nan.

Marigayiya ta bar abokiyar tagwaicinta a Djougou, wadda ta yi fiye da shekara tana sallama ba mai amsawa, da wayoyi huɗu, da batirin ko-ta-kwana guda. Ta bar Hajiya Memuna, mahaifiyar Alhaji da Shafi'u, wadda ta faɗa tun farko cewa ita ɗanta ba ya ƙarya, aka ce tsufa ne.

Ba wanka, ba salla, liman ya ce ƙarfe ne. Za a miƙa gawar ga mai sayen tsofaffin ƙarafa na unguwar Albarika ranar Asabar da hantsi, kuma ba a buƙatar rakiya. Kada kowa ya zo ta'aziyya Zongo, ba za a sami Alhaji ba. Zaman makoki a Djougou za a yi shi, a ƙofar gidan Shafi'u, daga bayan azahar. Alhaji zai zo da makullan shago a aljihu, zai zauna a ƙasa ba tabarma. Ana roƙon duk wanda ya halarci zagin nan, musamman malamai, ya daure ya halarci wannan ma. Ba a sa ranar tashi ba, sai ran da Shafi'u ya buɗe ƙofa.